Na'ura Tana Tsufa, Bayanai Suna Jira: Tarihin Lissafi da Ajiya a CERN

A shekarar 1958, cibiyar binciken ƙwayar zarra ta ƙasashen Turai, wadda duniya ta sani da suna CERN, ta samu masu lissafi biyu. Na farko mutum ne ɗan ƙasar Holan mai suna Wim Klein, wanda ya yi shekaru yana zagaya gidajen wasa da makarantu yana burge jama'a da ninka manyan lambobi da ka. Na biyu kuwa na'ura ce, Ferranti Mercury, ƙirar birnin Manchester, wadda ta cika ɗaki guda da ƙwayayen lantarki irin na tsofaffin rediyo, ana kuma ba ta umarni ta doguwar takarda mai huji-huji. A farkon lamari masana da dama sun fi son zuwa wurin Klein, domin kafin mutum ya tsara wa na'ura umarni, ya bi layi, ya jira sakamako, shi ya riga ya faɗi amsa.

Klein ya zauna a cibiyar har 1976, kuma a wannan shekarar ya tsaya gaban jama'a aka ba shi lamba mai alƙaluma 500, ya gano da ka lambar da idan aka jera ta sau 73 aka ninka za ta ba da ita, cikin ƙasa da minti uku. Amma a lokacin bajintarsa ta riga ta zama abin kallo kawai. Ita ma Mercury ba ta daɗe ba: a 1966 aka ba wata makarantar kimiyyar haƙar ma'adinai da ke Krakow ta ƙasar Poland ita kyauta.

Daga nan zuwa yau CERN ta sauya na'urorinta sau da yawa, kuma kusan kowace ta shigo ne ana yi mata kirarin fin ta baya sauri. Duk sun wuce. Abin da ya rage, wanda kuma dominsa aka sayo su tun farko, shi ne bayanan da suka tara. Tarihin wannan cibiya yana nuna yadda saurin lissafi ya yi ta araha, riƙon bayanai kuma ya zama aikin da ya fi wuya, ya fi buƙatar haƙuri, kuma ba kasafai ake yaba wa masu yinsa ba.

Zamanin hotuna da giwar kwamfuta

An kafa CERN a 1954 a gefen birnin Jeneba, kan iyakar Suwizalan da Faransa. Aikinta shi ne ta hanzarta ƙananan ɓarɓashin da suka haɗu suka yi ƙwayar zarra, ta gwara su, sannan ta duba abin da ya fito daga karon. A shekarun 1960 da 1970 ana ganin wannan sakamako ne a hoto. Ɓarɓashi yana ratsa wani tanki mai ruwa na musamman, ya bar sawun kumfa a bayansa, kyamara ta ɗauka. Tanki guda daga cikinsu, mai suna BEBC, ya samar da hotuna fiye da miliyan shida tsakanin 1973 da 1984. Ma'aikata, galibinsu mata, sukan zauna gaban tebur mai haske suna duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, suna auna lanƙwasar kowane sawu, sannan a miƙa wa kwamfuta ma'aunin ta lissafa.

Wannan tarin aiki ne ya sa cibiyar ta riƙa neman na'ura mafi ƙarfi da kuɗi zai iya saya. Bayan na'urorin IBM biyu a farkon shekarun 1960, a 1965 ta karɓi CDC 6600, wadda injiniya Seymour Cray ya tsara, kuma ita ce mafi sauri a duniya a lokacin. Tana iya yin lissafi kusan miliyan uku a daƙiƙa, adadin da wayar da ke aljihun mai karatu ta ninka sau dubbai. Wadda CERN ta samu tana cikin na farko-farko da aka ƙera, saboda haka ta sha ba da wahala kafin ta daidaita. A 1972 ƙanwarta CDC 7600 ta iso, aka gina mata ɗaki na musamman, wanda har yau yake cikin ginin da ke ɗauke da cibiyar bayanan CERN.

Tsarin wancan zamani mai sauƙin fahimta ne. Giwar kwamfuta ɗaya ce a tsakiya, kowa ya kawo aikinsa ya ajiye, a yi masa idan layi ya zo kansa. Idan ta tsaya, kowa ya tsaya.

Wani abu da ya faru a 1968 shi ya fara girgiza wannan tsari. Georges Charpak, masani a CERN, ya ƙirƙiro na'urar gano ɓarɓashi mai ɗauke da siraran wayoyi jere-jere, wadda ke mayar da wucewar ɓarɓashi saƙon lantarki kai tsaye. Da wannan aka daina dogara da hoto da idon mutum, bayanai suka fara kwarara daga wurin gwaji zuwa cikin kwamfuta ba tsayawa. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 1992 saboda wannan ƙirƙira. Tun daga lokacin, yawan bayanai ya riƙa gudu gaba da ƙarfin na'urar da za ta sarrafa su.

Shanun huɗa biyu ko kaji dubu

Akwai maganar da ake danganta wa Seymour Cray, cewa idan za ka yi huɗa, wanne za ka zaɓa, ƙarfafan shanu biyu ko kaji 1024? Manufarsa ita ce na'ura ɗaya mai ƙarfi ta fi taron ƙanana. Ga wasu ayyuka yana da gaskiya. Hasashen yanayi misali ne: ana yanka sararin sama gida-gida, kuma abin da zai faru a kowane gida ya dogara da maƙwabtansa, don haka dole sassan na'ura su riƙa musayar sakamako a kowane taki. Irin wannan aiki yana son na'urar da aka ɗaure sassanta tam.

A 1988 CERN ta sayi Cray X-MP, ɗaya daga cikin fitattun na'urorin zamanin. Sai dai aikin masu binciken ɓarɓashi yana da wata siffa dabam. Kowane karo zaman kansa yake. Sakamakon na yau da safe bai shafi na rana ba. Idan kana da karo miliyan ɗari da za ka tantance, kana iya raba su ga na'urori ɗari, kowace ta ɗauki rabonta, kamar yadda ake raba kunya a aikin gayya, a haɗu a ƙarshen gona. A irin wannan aiki kajin sun fi riba, muddin akwai mai iya kora su.

A 1989 aka kunna LEP, zoben hanzarta ɓarɓashi mai tsawon kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, bayanai suka ƙaru sosai. A 1990 wata ƙungiyar injiniyoyi ƙarƙashin Les Robertson ta fara wani shiri mai suna SHIFT. Dabararsu ita ce a raba ayyukan da giwar kwamfuta ke haɗawa a jiki ɗaya: wasu na'urori su yi lissafi kawai, wasu su riƙe faya-fayan ajiya, wasu su kula da kaset, a haɗa su duka da waya mai sauri. Idan lissafi ya yi ƙaranci a ƙara na lissafi, idan wurin ajiya ya cika a ƙara na ajiya, ba sai an sayi sabuwar giwa ba. Kafin ƙarshen shekarun 1990 an kashe giwayen CERN gaba ɗaya.

A Amurka ma an bi wannan hanya. A 1994, a cibiyar Goddard ta hukumar NASA, Thomas Sterling da Donald Becker suka haɗa ƙananan kwamfutoci 16 irin waɗanda ake sayarwa a kasuwa, suka ɗora musu manhajar Linux wadda ake samu kyauta, suka kira gungun Beowulf. Kuɗinsa bai kai dala dubu 50 ba, a zamanin da ake sayen giwar kwamfuta da miliyoyin daloli. Wannan ya buɗe wa ƙananan jami'o'i ƙofar da a da sai manyan hukumomin gwamnati ke shiga. Cray ya rasu a 1996 sakamakon haɗarin mota, kuma bai ga ƙarshen muhawarar ba. Tun daga Nuwamban 2017, duk kwamfutoci 500 da ke cikin jerin mafiya sauri a duniya da Linux suke aiki, kuma kowace tarin dubban ƙananan sassa ce. Frontier, wadda a 2022 ta fara haura lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa a ɗakin bincike na Oak Ridge, garken kaji ce da aka koya wa tafiya tare.

Na'urar da aka ce kada a kashe

Rarraba aiki ga na'urori da yawa ya ɗaukaka matsayin sabar, wadda wasu ke kira uwar garke, wato kwamfutar da ke zaune a kunne dare da rana tana amsa buƙatun sauran. Mafi shahara a tarihi a CERN ta zauna, kuma matsalar ɓacewar bayanai ce ta haife ta.

A watan Maris na 1989 Tim Berners-Lee, wani ɗan Birtaniya mai rubuta manhaja a cibiyar, ya miƙa wa shugabansa wata shawara a rubuce. Kukansa shi ne CERN tana yawan asarar abin da ta sani. Masana suna zuwa daga ƙasashe da yawa, su yi kamar shekara biyu su tafi, kowa da irin kwamfutarsa da irin tsarin rubutunsa, kuma idan mutum ya tafi sai a rasa inda ya ajiye abu da dalilin da ya sa ya yi shi haka. Maganin da ya kawo shi ne a haɗa takardu da juna ta mahaɗai, a iya buɗe su daga kowace na'ura. Zuwa ƙarshen 1990, tare da goyon bayan abokin aikinsa Robert Cailliau, ya kunna sabar farko ta shafukan intanet a kan wata baƙar kwamfuta ƙirar NeXT. An manna mata takarda da rubutun hannu ana gargaɗin cewa sabar ce, kada wani ya kashe ta. A ranar 30 ga Afrilu, 1993, CERN ta saki wannan fasaha kyauta ga duniya.

Amma ko wannan shiri, da aka ƙirƙira domin hana mantuwa, bai tsira daga ita ba. Ba wanda ya yi tunanin ajiye shafin farko yadda yake a ranar da aka buɗe shi, domin ana ta gyara shi ana rubutu a kansa. Da CERN ta tashi maido da shi a 2013, kwafin 1992 ta ɗora. Sabar tana ba ka abin da ke cikinta yau. Ba aikinta ba ne ta tuna abin da ke cikinta jiya, sai an ɗora wa wani wannan nauyi.

Abin da ake zubarwa, da inda ake kai saura

An rufe LEP a 2000 domin a gina LHC a cikin raminta. Sabuwar na'urar ta fara aiki a Satumban 2008, ta samu babbar matsala bayan kwana tara, ba ta dawo ba sai ƙarshen 2009. A cikinta dunƙulen ɓarɓashi suna haɗuwa har sau miliyan 40 a daƙiƙa. Babu rumbun da zai ɗauki duk abin da ke fitowa daga wannan. Don haka matakin farko na ajiya shi ne zubarwa: wasu na'urori da ke kusa da wurin karon suna yanke hukunci cikin ƙiftawar ido, su ware abin da ya yi kama da sabon abu. A tsakiyar shekarun 2010, manyan gwaje-gwajen biyu, ATLAS da CMS, kowanne yana riƙe kamar dubu ɗaya ne a daƙiƙa. Abin da aka zubar ya tafi har abada, shi ya sa masana kan yi doguwar muhawara kan ƙa'idojin tacewar kafin a kunna na'ura.

Ko ragowar ma ta fi ƙarfin cibiya ɗaya. Akwai kuma batun siyasa: ƙasashen da ke ba da kuɗi sun fi son su gina ɗakunan kwamfuta a gida, su horar da 'ya'yansu, maimakon su tura komai Jeneba. Daga haɗuwar waɗannan dalilai biyu aka gina ragar kwamfutoci ta LHC, wadda ta haɗa cibiyoyi kusan 170 a ƙasashe fiye da 40. Tana da hawa-hawa. CERN ce tushe: ita ke karɓar ɗanyen bayani, ta rubuta kwafin farko a kaset. Daga nan a aika kwafi na biyu zuwa manyan cibiyoyi goma sha wani abu, irin su na Karlsruhe a Jamus, Lyon a Faransa, Bologna a Italiya, da Fermilab da Brookhaven a Amurka. A ƙarƙashinsu akwai jami'o'i da ɗakunan bincike inda ake yawancin nazari, ciki har da cibiyar manyan kwamfutoci ta Afirka ta Kudu da ke Cape Town.

Mai bincike yakan tura aikinsa ba tare da ya san a wace ƙasa za a yi shi ba. Tsarin ne ke nemo inda bayanan suke da inda na'ura take zaune ba aiki. Da aka sanar da gano ɓarɓashin Higgs a ranar 4 ga Yuli, 2012, an nazarci bayanan da aka tara 'yan makonni kafin ranar, kuma shugaban CERN na lokacin, Rolf Heuer, ya ambaci wannan raga cikin abubuwan da suka sa hakan ya yiwu.

A nan ya kamata a lura da abin da tsarin ya cim ma ta fuskar tsaro. Kowane ɗanyen bayani yana da kwafi aƙalla biyu, a ƙasashe dabam-dabam, a hannun ma'aikata dabam-dabam. Gobara ɗaya, ko kuskuren mutum ɗaya, ba zai iya cinye duka ba.

Dalilin da kaset bai mutu ba

Mai karatu da ya yi zamanin kaset na rediyo zai yi mamakin jin cewa a kan ɗan'uwansa ake ajiye sakamakon na'urar bincike mafi girma a duniya. Kaset mai maganaɗisu ya shiga duniyar kwamfuta tun 1951 tare da UNIVAC, shekara biyar kafin IBM ta fito da faifan ajiya na farko a 1956. An sha yi masa jana'iza, amma yana nan. Rumbun kaset na CERN ya haura petabayit 100 a 2013, ya haura 200 a 2017. Petabayit ɗaya terabayit dubu ne, wato cikin faifan kwamfutar ofis dubu ɗaya masu terabayit ɗaya-ɗaya.

Dalilan riƙe shi a fili suke. Faifai yana cin wuta muddin yana kunne, ko ana karanta shi ko ba a yi. Kaset kuwa yana zaune a kan kanta ba ya cin komai, sai an buƙace shi hannun mutum-mutumi ya ɗauko ya saka a na'urar karatu. Ya fi araha idan aka auna da yawan abin da yake ɗauka: nau'in LTO ya fara da gigabayit 100 a 2000, ya kai terabayit 18 a 2021. Idan zarensa ya tsinke ana iya haɗa shi a yi asarar ɗan kaɗan, alhali faifai idan ya mutu yakan tafi da duk abin da ke cikinsa. Sannan jinkirinsa ma kariya ne. Umarni ɗaya na kuskure, ko na ɓarawon intanet, yana iya share faya-fayai cikin mintuna, amma goge dubban kaset sai an ɗauko su ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai ba a ajiye kaset a juya baya. Zaren yana iya kai shekara talatin, amma na'urar da ke karanta shi ba ta kai haka a kasuwa, domin sabuwa takan karanta tsara ɗaya ko biyu ne kawai na baya. Saboda haka duk bayan 'yan shekaru ma'aikatan CERN sukan kwashe rumbun gaba ɗaya su sake rubuta shi a kan sabbin kaset, aikin da ke ɗaukar watanni masu yawa. Wanda ya san yadda littattafan malamanmu na Larabci da Ajami suka iso gare mu zai gane wannan nan take: takardar asali takan ruɓe, gara ta ci, amma matanin yana rayuwa matuƙar akwai almajirin da zai zauna ya kwafe shi, wani kuma ya bi ya gwada da na asali.

Wannan gwadawar ma tana da takwararta. A 2007 wani masani a CERN, Bernd Panzer-Steindel, ya fitar da sakamakon binciken da ya nuna cewa bayanai kan lalace a ɓoye a kan faya-fayai, ba tare da na'ura ta yi ƙara ko ta nuna alama ba. Maganinsa shi ne a lissafa wa kowane fayil wata lambar tantancewa tun ranar da aka rubuta shi, a riƙa sake lissafa ta duk lokacin da aka motsa shi. Idan lambobin biyu suka saɓa, an san wani abu ya taɓu, sai a ɗauko lafiyayyen kwafi daga wani wuri.

Inda aka yi sakaci

Darajar wannan tsari ta fi fitowa idan aka dubi wuraren da suka rasa wani ɓangarensa. Cibiyoyi da yawa suna ɗaukar cewa tun da bayanansu suna kan faya-fayai da aka haɗa su suna rufa wa juna baya, dabarar da masana uku na jami'ar Berkeley suka yi wa suna RAID a 1988, to sun tsira. Wannan dabara tana kare mutum daga mutuwar faifai ne kawai. Idan aka goge fayil bisa kuskure, nan take zai ɓace daga dukkansu.

A tsakiyar Disamban 2021 jami'ar Kyoto ta Japan ta yi asarar kusan terabayit 77, fayiloli kimanin miliyan 34 na ƙungiyoyin bincike 14, daga babbar kwamfutarta. Abin da ya share su shi ne manhajar da aka ɗora wa yin kwafin ajiya. An sabunta ta tana cikin aiki, sai ta rikice, maimakon ta goge tsofaffin takardun rahotonta ta hau goge aikin masu bincike. Kamfanin Hewlett Packard, mai kula da tsarin, ya amsa laifinsa, amma wani kaso na fayilolin ba shi da kwafi a ko'ina. A watan Maris na wannan shekarar kuma gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVHcloud a Strasbourg ta Faransa, wasu abokan cinikinsa suka tarar cewa kwafin ajiyarsu yana harabar da ta ƙone. Manomi ba ya zuba irin shuka a rumbun da ake ɗiban abinci kullum, kuma dalilinsa ne waɗannan cibiyoyi suka koya da tsada.

Bayanai ba su isa su kaɗai ba

Akwai darasi na ƙarshe, wanda masu binciken ɓarɓashi suka koya daga wata cibiya 'yar'uwar CERN, wato DESY da ke Hamburg. Daga 1979 zuwa 1986 an gudanar da wani gwaji a can mai suna JADE, haɗin gwiwar masana daga Japan da Jamus da Ingila. Da aka rufe shi kowa ya kama gabansa. Bayan kusan shekara goma, ɗaya daga cikinsu, Siegfried Bethke, ya ga cewa ilimi ya ci gaba, an samu sabbin hanyoyin lissafi da za su fitar da amsoshi mafi inganci daga tsofaffin bayanan, ga shi kuma babu sauran na'urar da ke gwara ɓarɓashi a wannan mizanin ƙarfi.

Ceto bayanan ya ɗauki shekaru. An samo kaset ɗin, amma manhajar da ke fassara abin da ke cikinsu an rubuta ta ne domin giwar kwamfutar IBM da aka daina amfani da ita, da wasu harsunan umarni da kusan an manta. Sai da aka sake gina ta a kan sabbin na'urori. Wasu muhimman alƙaluma kuma a takarda kawai aka same su, aka zauna aka sake buga su da hannu. A ƙarshe aikin ya haifar da sabbin sakamako da aka wallafa fiye da shekara ashirin bayan rufe gwajin. Ya yiwu ne domin mutanen da suka san yadda aka yi abin suna raye, kuma ɗayansu ya nace.

Wannan labari yana cikin abin da ya sa manyan cibiyoyin fannin suka kafa wani kwamiti kan adana bayanai a ƙarshen shekarun 2000. Abin da suka tsayar shi ne ajiya tana da ƙafa uku: bayanan kansu, manhajar da ke karanta su tare da yanayin da take aiki a ciki, da kuma rubutaccen bayanin yadda aka tara su. Idan ɗaya ta karye, sauran biyun ba su tsayuwa. A 2014 CERN ta buɗe shafin da ta fara sakin bayanan LHC ga kowa, tare da manhajar nazarinsu, ta yadda ɗalibin fiziks a Zariya ko Yamai zai iya sauke su ya yi aiki a kansu. Sakin ma wata hanyar ajiya ce, domin abin da baƙo zai iya fahimta ba tare da ya tambayi kowa ba, shi ne abin da zai rayu bayan masu shi.

Abin da ya rage

Idan jami'a ko asibiti ko ma'aikata za ta kashe kuɗi kan kwamfuta, ido yakan tafi kan na'urar da za a yanke wa kyalle a ɗauki hoto. Tarihin CERN yana nuna cewa wannan ita ce mafi gajeren rai a cikin kayan. Cibiyar ta yi hayar ɗakin kwamfuta a Budapest daga 2013 na wasu shekaru, ta buɗe sabo a Prévessin ta Faransa a 2024, kuma sabar da ke cikinsu ana sauya su duk bayan 'yan shekaru kamar tayar mota. Kuɗin da ba ya yankewa shi ne na wuta, na sanyaya ɗaki, na sabbin kaset, da albashin mutanen da ke gwada ko kwafin ajiya yana buɗewa tun kafin ranar da za a buƙace shi. Cibiyar da ta sayi na'ura ba ta tanadi waɗannan ba, ta sayi abin da zai tara mata bayanai ne ba tare da mai riƙe su ba.

Na'urar NeXT da aka ce kada a kashe an daɗe da kashe ta, yanzu kayan tarihi ce da ake nunawa a bayan gilashi. Bayanan LEP kuwa, 'yan ɗaruruwan terabayit da aka tara cikin shekara goma sha ɗaya, waɗanda a zamaninsu suka cika ɗakuna, yau kaset 'yan gomomi za su ɗauke su. An sake kwafe su sau da yawa, kuma har yanzu masana suna buɗe su, musamman masu tsara na'urar da ake fatan za ta gaji LHC.